Kunyar 'Yar Fari a Gaban Kwamiti

Kwanan baya wata yarinya cikin sababbin ma'aikatan walwala ta tambaye ni wane aiki na yi kafin in yi ritaya. Na ce mata ni ce mai zama da yara masu naƙasa ranar da kwamiti zai tantance su. Ta yi murmushi irin na wadda ta gama jami'a bara, ta ce, "Kai Hajiya, kin more. Ki yi wasa da yara kuma a biya ki." Ban yi mata gardama ba, don an biya ni ɗin, wani watan ma a kan kari. Amma da na lura ba ita kaɗai ke da wannan fahimta ba, sai na ce bari in rubuta, ko ba komai kada ku shiga ƙauye da takalmi mai tsini.

Ga yadda abin yake. Idan za a ba yaro taimako, keken guragu ne, ko abin jin magana, ko gurbi a makaranta, ko buhun hatsi, sai kwamiti ya gan shi tukuna. Akwai likita, akwai jami'in ilimi, akwai wani babba daga ofishinmu. Su ke yanke abin da yaron yake bukata. A irin wannan zama kowa yana da baki. Uba zai yi bayani, kawu zai gyara masa, mai unguwa zai ƙara, har direban da ya kai mu yakan leƙo ta taga ya sa nasa. Wanda aka taru dominsa ne kaɗai ba a jin ta bakinsa. Aikina shi ne in gano inda amsar yaron take, a ido ne, a yatsa ne, a ƙafa ne, in kai ta gaban kwamiti yadda ya ba ni ita, ba tare da na ƙara mata gishirina ba. Wannan na ƙarshen ya fi wuya, musamman ga irina.

Daga aji na shigo aikin. Malamar firamare ce ni a Gusau, kuma malami, kamar yadda kuka sani, mutum ne mai yin tambaya alhali ya riga ya san amsa. Wanda ya raba ni da wannan hali wani tela ne kurma a bayan kasuwa, Malam Isa. An tura ni kwas na koyo maganar hannu irin ta makaranta, na dawo da satifiket ina tafiya da ƙyar. Ranar da na fara gaishe shi da hannu, ya dube ni sama da ƙasa, ya yafuto abokansa daga teburin mai shayi, ya sa na maimaita, suka yi ta dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa. Ashe na yi kama da wanda ya shiga kasuwar Mada yana tayin akuya da Larabcin huɗuba. Daga nan kullum aka tashi aiki sai in je in zauna a bencinsa, ina shan ƙarar keken ɗinkin da shi bai san da ita ba. Idan na yi masa tambaya na fara gyaɗa kai tun bai amsa ba, sai ya ajiye almakashi ya juya mini baya. Wurin kurma, juya baya shi ne toshe kunne. Ya juya mini baya har na san ɗinkin wuyan rigarsa fiye da fuskarsa. A wurinsa na koyi riƙe fuskata kada ta nuna wa yaro amsar da nake so, domin yaronmu an hore shi kada ya ce wa babba a'a, kuma ya fi ku iya karanta fuska.

Kayan aikina jaka ɗaya ce. Akwai ƙaramar tabarma, da faifai biyu, ɗaya ja ɗaya fari, da madubi, da murafun kwalba, da shanun laka da nake sa yaran unguwarmu su gina mini. Ƙungiyoyi sun taɓa kawo mana katuna masu hotuna, bugun ƙasar waje, masu sheƙi da ƙanshin sabon littafi. Na nuna wa wani yaro kurma a Bungudu hoton masai irin na tangaran. Ya daɗe yana dubansa, sannan ya dunƙule hannu ya yi alamar daka. A ganinsa turmi ne. Jami'in ilimi har ya buɗe biro zai rubuta bai gane ba, na ce, "Ranka ya daɗe, a duk unguwarsu ba wanda zai gane, har da limaminsu." Tun ranar na koma zana nawa hotunan, rijiya da rumbu da jaki. Jakina yakan fito kamar tunkiya, amma yara suna yi mini uzuri.

Tabarma kuwa ba don gajiya ba ce. Ba a zama a kujera a tambayi yaro. Ba a ma zama a gabansa, tun da an hana shi kallon babba a ido. A gefensa ake zama, ku biyu kuna kallon abu ɗaya, kamar masu jiran mota. Sai babban kayan aikin da ba ya shiga jaka, wato kasancewata mace. Abokan aikina maza a zaure suke tsayawa, a ba su ruwa da labarin da gidan yake so a sani. Ni nakan wuce ciki, in wuce tsakar gida, in shiga ɗaki a sake labule. Duk abin da na taɓa sani na gaskiya game da wani yaro, a bayan labule na same shi. Ban taɓa tunanin cewa sana'ata a kan katangar mutane ta jingina ba, sai shekarar da aka rasa katangar.

Aikin Saratu ya zo mini ne kafin waccan shekarar da kaɗan. Wata ƙungiya ta buɗe aji a Gusau don yaran da jikinsu bai yi musu biyayya, har da ɗakin kwana inda uwa za ta iya zama da ɗanta. Guraben kaɗan ne, kuma sharaɗin ɗaya ne: kwamiti ya gamsu yaron yana fahimta kuma yana iya amsawa, ta kowace hanya. Aka ce mini akwai wata yarinya mai suna Saratu a wani ƙauye gaba da Kucheri. Na je na same ta kwance a inuwar rumbu, shekarunta za su kai tara. An sha wuyar haihuwarta. Ba ta tafiya, ba ta magana, hannuwanta a naɗe, kuma da ta ji baƙuwar murya sai jikinta ya sandare, bayanta ya gantsare kamar baka.

Kakarta ta wajen uba, Inna Tumba, ita ta tarbe ni, ita kuma ta yi duk bayanin.

"Ni ce uwatta, Malama. 'Yar fari ta, tun yaye ni ke da ita. Ba ta san komi ba. Allah Ya bar ta awa jariri, ba ta da zunubi."

Na ce, "Ina wadda ta haife ta?"

"Hansai? Tana ɗaki. Mi za ta ce miki? Ko sunanta ba ta hwaɗi."

Wannan ba sabon abu ba ne gare ni, kuma ba sabo ba ne gare ku. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukai. Ni kaina har na aurar da nawa ban kira shi da komai ba sai "kai". Kuma Inna Tumba ba muguwa ba ce. Tana son yarinyar ƙwarai, tana yi mata waƙa, tana kore mata ƙuda. Sai dai ɗaukar jarirai take yi mata, a kwance, kai a baya, wanda shi ne ke ƙara sandarar da ita.

Na nemi izini na ɗauki Saratu na shiga da ita ɗakin uwarta, na saki labule. Hansai tana zaune tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Na kwantar da yarinyar, na zauna, na yi shiru. Shiru ma aiki ne, kuma shi sababbi suka fi kasawa. Can sai ta fara magana, idonta a kan wake.

"Akwai wata mata da na sani, Malama, mai irin wagga ɗiya. Ita in tana son ta yi magana da ita, zaunad da ita take a cinya, ta naɗe mata gwiwa, ta sa hannu nan ga ƙeya."

Na ce, "To matar nan ko za ta nuna mini?"

Ta saurari tsakar gida, ta ji tsohuwar ta koma wajen awaki. Ta ajiye faifai, ta jawo yarinyar jikinta, ta naɗe mata gwiwoyi, ta tallafe ƙeyarta da tafin hannu. Ina kallo jikin nan da yake kamar icen girki ya saki. Kan ya daidaita, idanun suka sauka a kaina. Hansai ta ce idan e ne, diddigen hagu take bugawa, idan a'a ne, runtse ido take yi.

Na fito da kayana. Na tambaye ta ja da fari, ta raba. Na jera shanun laka na ɗauke ɗaya a ɓoye, ta nuna gurbin da ido. Na nuna mata jakina na ce, "Wannan raƙumi ne?" Ta runtse ido, sannan ta yi wata dariya mai sarƙewa, don ta gane tsokanarta nake yi. Wanda ya gane tsokana ya gane komai. Na yi mata bayanin makarantar dalla-dalla, har da cewa za ta bar kakarta da awakinta, na riƙe fuskata kamar yadda aka hore ni, na tambaye ta ko tana so. Ta buga diddige har sai da waken da ke faifai ya yi tsalle. Na sake tambaya ta wata fuska, na ce ko ta fi son ta zauna gida. Ta runtse ido ta ƙi buɗewa sai da na janye maganar.

Na fito da shirina a kammale, don na sha yin irinsa. Ranar tantancewa maza su tsaya a zaure, in shiga da likita shi kaɗai da izinin maigida, a saki labule, uwa ta riƙe 'yarta ba wanda ya gani. Kunya ta tsira, yarinya ta amsa.

Kafin ranar ta zo, 'yan bindiga suka tashi ƙauyen. Ba zan tsaya a kan wannan ba, kun san shekarar, wasunku a cikinta kuka yi jarrabawa. Mutanen Saratu suka shigo Tsafe da abin da suka iya ɗauka a ka, aka sauke su a wani ginin da ba a ƙarasa ba, ko ƙyauren ƙofa da na taga ba a sa ba. Gidan gaba ɗaya a ɗaki ɗaya: Hansai da mijinta, da Inna Tumba, da tsohon surukin da ke kwance ba lafiya a kusurwa, da ƙannen miji da matansu. Ba zaure, ba tsakar gida, ba ciki ba waje. Kwamiti kuma ya daina kwana a hanya. Daga Gusau za su zo da hantsi, su juya kafin la'asar don hanyar ba ta da tabbas, ga layin yara har bakin titi.

Aka shimfiɗa musu a baranda, a bakin ɗakin, inda kowa ke gani. Da aka zo kan Saratu, Inna Tumba ta fito da ita a hannu, a gantsare. Hansai tana can gefe wajen murhu, ta ba mu baya tana hura wuta.

Na durƙusa na ce, "Inna, alfarma nake nema. A bar uwarta ta riƙe ta, na ɗan lokaci kaɗan."

Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe zane.

"Ta ɗauki ɗiyar fari gaban surukinta? Gaban baƙi? Malama, gudu munka yi, ba haukacewa munka yi ba. Sun amshe muna shanu, sun amshe hatsi, sun ƙone ɗaki. Kunya kaɗai munka fito da ita. Ita ma ku amshe?"

Sannan ta juya ga kwamiti ta shiga bayani, cewa yarinyar ba ta ji, ba ta ganewa, ko uwarta ba ta sani ba. Ta ga abin da ya faru da na gabanta a layi: wanda aka fi tausayawa shi ke tafiya da buhu. Gidan kuma akwai yunwa.

Na matsa kusa da shugaban kwamitin, wani dattijo mai mutunci da na daɗe ina aiki da shi. Na yi masa raɗa. Ya girgiza kai.

"Haba Hajiya. Kina so mu tozarta baiwar Allah a gaban surukanta? Mutanen da ke cikin wannan hali? Ni ba zan ba da wannan umarni ba."

Da baƙo ne daga wata ƙasa, da ya ce a kira uwar, a yi ta jin haushinsa, a ce bai san al'ada ba, uwar kuma ta fito ta ce dole aka yi mata. Amma duk waɗanda ke zaune a barandar nan 'yan gida ne, masu tarbiyya, kowa ya san abin da bai kamata ba. Tarbiyyarmu ce ta rufe ƙofar, kowa da nasa hannun.

Na kwance mayafina na ɗaura tsakanin taga da ƙusa, na ce ga labule. Iska ta yi ta ɗaga shi, kuma tsohon yana kwance ta ciki, ba mai iya tashinsa. Na nemi motarmu in saka su ciki, aka ce direba ya tafi neman mai. Na je wajen murhu na tsuguna kusa da Hansai kamar mai taya ta gyara itace.

Na ce, "Yau ce ranar. In ba ki riƙe ta ba, ba za ta amsa ba."

Ba ta dube ni ba. Hayaƙi na shiga idonta, ba ta kauda kai ba.

"Na sani, Malama. Amma ku yanzu za ku shiga mota. Ni nan zan kwana, ɗaki guda da su. Da wane ido?"

Na koma na karɓi yarinyar da kaina. Na zaunar da ita a cinyata, na naɗe gwiwoyin, na sa hannu a ƙeya daidai inda na ga an sa. Komai na yi daidai, sai dai hannun ba shi ba ne. Ga hayaniya, ga baƙi, ga zafi. Jikinta ya ƙi saki. Likitan mutumin kirki ne, ya sauko daga kujera, ya tambaya, ya jira, ya sake tambaya. Ƙafafun suna motsi duka biyu, ba a san na amsa da na ciwo ba. Idanunta kuwa ba ta ɗauke su daga wajen murhu ba. Na ba da shaidar abin da na gani a ƙauye. Likita ya ce ya yarda da ni, amma shi abin da ya gani zai rubuta, kuma ni na koya wa rabin ma'aikatan ofishin nan cewa ba a amsawa a madadin yaro. Aka sa ta cikin masu bukatar abinci da kulawa a gida. Inna Tumba ta karɓi buhu tana sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya.

Na nemi a sake zama a kanta. Aka ce za a duba, kuma kun san abin da wannan ke nufi a ofis. Kafin a duba gurabe suka cika. Kafin wani gurbi ya buɗe, ƙungiyar ta ce tsaro ya yi mata tsanani, ta sallami malaman, ta kwashe kayanta. Kwamitin ma aka rushe shi, tun da ba sauran abin da zai raba sai hatsi, shi kuwa hatsi ba ya bukatar likita. Ɗakin ajin wani ya kama haya yana ajiye babura.

Bayan damina ta wuce, ina zaune a ofis da rana tsaka, sai na ji sallama a bakin ƙofa. Hansai ce, ita kaɗai, da yarinyar goye a bayanta, ƙafafun suna reto har gwiwarta don ta yi tsawo. Daga tasha ta tako da ƙafa tana tambayar mutane. Ban taɓa ganin fuskarta sosai ba sai ranar, ashe yarinya ce ƙarama.

Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta kwance goyon, ta zauna a siminti, ƙofa a buɗe mutane na wucewa, ta ɗora ta a cinya, ta naɗe gwiwoyin, ta sa hannu a ƙeya. Jikin ya saki.

"Na kawo Saratu, Malama. Kira su. Yau zan riƙe ta, ko gaban wa."

Na ce, "Inna ta san kin zo?"

"Gabanta na ɗauke ta. Gaban Baba, gaban kowa. Na ce ɗiyata ta, ni na haife ta, ta hi mu duka wayo. Inna ta yi kuka. Mijina tun jiya bai yi min magana ba." Ta gyara wa yarinyar ɗankwali. "Kira su, kar ta gaji."

Na zauna a ƙasa kusa da su. Na yi mata bayani a hankali, da Hausar da ba ta ofis ba: babu ajin, babu malaman, babu kwamitin. Ban rage murya ba, don wadda ke cinyarta tana ji, kuma maganarta ce. Na ce zan nema wa Saratu keken guragu, na kuwa samo daga baya, amma ba keke ta zo nema ba, mu duka mun sani.

Hannunta na nan inda yake.

"To ai na riga na hwaɗa, Malama," ta ce. "Magana in ta hita ba ta maiduwa."

Sannan ta tambaye ni ko motar Tsafe tana kaiwa la'asar ba ta tashi ba.